Allo, Hula da Kalangu a Yaba: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi don kada abin da muke yi ya bi iska. A Agege aka haife ni, a kwalejin fasaha ta Yaba na karanci zane, yanzu kuma ina aiki a wata maɗaba'a a Shomolu. Duk wanda ya san Legas ya san Yaba da Akoka unguwannin ɗalibai ne. Ga kwalejinmu da aka kafa a 1947, ga Jami'ar Legas da aka buɗe a 1962 can bakin ruwa, ga kwalejin horar da malamai a Akoka. Da wuya mako ya wuce ba ka ji ana wani abu ba. Yau ɗaliban wasan kwaikwayo sun hau dandali, gobe masu zane sun baje aikin kammala karatu, jibi 'yan rawar Bariga suna atisaye.

Shekara shida ina bin waɗannan tarurruka, ban taɓa jin amon kalangu a ciki ba, ban taɓa ganin allon zayyana a jikin bango ba. Bahaushe kam yana nan a cikin zane-zanen: mai shayi, mai tsire, mai gyaran takalmi, ɗan acaba kafin a hana su hawa titunan nan a 2022. Amma yawanci ta baya ake zana shi, ko a sunkuye kan aiki, kuma sunan da ake rubutawa a ƙarƙashi ɗaya ne: aboki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sunan Zariya aka fara koya mana a aji. A 1958 wasu ɗaliban zane a can, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su yar da fasahar iyayensu don ta Turawa ba, haɗa su za su yi. Grillo, ɗan Legas ne, ya dawo Yaba ya shugabanci sashen zane shekara da shekaru, ya rasu a 2021. Na haddace duk wannan na ci jarrabawa da shi. Amma ni da na tashi da allo a hannu, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ɗauko shi in kai aji ba.

Abin da muka ƙudurta ke nan: yini ɗaya, a nan Yaba, mu baje aikin hannun Hausawan Legas, da masu aikin a tsaye a gefensa. Mu uku ne. Ni, da ƙanwata da ke karatun jinya a Idi-Araba, da abokina Bayarabe mai ɗaukar hoto, wanda muka yi aji ɗaya. Ba zan rubuta sunan kowa a nan ba sai ranar da ya ba ni izini da bakinsa.

Asabar, 25 ga Janairu

Na hau jirgin ƙasa na jan layi daga Yaba zuwa Agege, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban bara. Tafiyar da kan ci mini awa biyu a danfo idan gosulo ya haɗu, yau kafin in gama duba saƙonnina mun iso.

Kawu na samu a rumfarsa yana feshin ruwa a kan huhun goro. Goro ne ya kawo kakanmu garin nan. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, fatake suka riƙa gangarowa Agege saye, wasu suka yada zango har suka zama 'yan gari. Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, ba a shiga gida ta katanga. Ka je ka gaida manya tukuna."

Bayan la'asar muka je da ƙwaryar goro. Wani dattijo ya yi dariya ya ce wa zai bar aikinsa ya zo kallon hula, ai hula sawa ake yi. Wani kuma, wanda ya girme shi, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce shi ya ga FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977 da idonsa, wanda saboda shi aka gina babban gidan wasa na Iganmu, an yi hawan dawaki a Kaduna, makaɗa kuma sun cika Ikko. Ya ce tun daga wannan shekara bai sake ganin an gayyaci makaɗin Hausa don a zauna a saurare shi kawai ba, sai dai a biki. Suka sa mana albarka. Shi ne ma ya kwatanta mini wani tsohon mai kalangu a mayankar Oko-Oba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na sami Baba mai kalangu. Igiyar ɗaure shanu yake sayarwa a bakin mayanka. Mutumin ƙasar Zamfara ne, kiɗa kuma gadonsa ne. Kalangu dama kiɗan mahauta ne, shi ya sa mahauta suka jawo shi Legas yana saurayi. Ya ce a da, safiyar duniya sai ya yi musu kiɗa ana fawa, kowane babban mahauci da takensa. Yanzu kowa da wayarsa a aljihu, biki kuma masu lasifika sun karɓe.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so muke ka zo ka yi kiɗa a gaban 'yan jami'a." Ya ce, "Ɗana, su da ba sa jin Hausa, me kalangu zai gaya musu?" Ban da amsa a lokacin. Ya dai ce in dawo.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun biya rabin kuɗin wani ɗakin taro, naira dubu 80, daga abin da muka haɗa mu uku da gudummawar Kawu.

Daga nan muka wuce gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Shekaranjiya aka cika shekara 49 da kashe Janar Murtala, 13 ga Fabrairun 1976, kuma baƙar motar da aka harbe shi a ciki tana nan da hudojin harsashi a jikinta. Ƙanwata ta daɗe tsaye a gabanta.

Ni kuwa ƙananan takardun da ake liƙawa a ƙarƙashin kayan tarihi na je dubawa, don in koyi yadda ake rubuta su. Ga kawunan Nok na yumɓu, ga tagullar Ife da ta Benin. Takarda za ta gaya maka gari da zamani da abin da aka yi kayan da shi, amma sunan wanda hannunsa ya yi aikin ya tafi da zamaninsa, ba mai iya dawo da shi. Namu masu aikin suna raye, ana iya zuwa a tambaye su. Na ce da abokan aikina duk abin da za mu rataye, sunan mai shi ne zai zo a layin farko, da manyan haruffa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau ce rana mafi nauyi tun da muka fara.

Akwai wani malami mai makarantar allo a bayan kasuwar Mile 12, inda motocin tumatir da albasa da attaruhu suke sauke kaya daga Arewa. A gabas ya yi karatunsa, kuma duk yaron da ya sauke Alƙur'ani a yankin, wurinsa ake kai allon zayyana. Na tarar yana kan ɗaya. Na zauna a gefen buzunsa kusan awa biyu ban ce uffan ba.

Ga wanda bai sani ba, allon sauka ba irin na kullum ba ne. Sabo ake sassaƙawa, a goge shi ya yi santsi, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, sannan a kewaye rubutun da ado. Alƙalamin Malam na gamba ne, daga gida ake aiko masa, da kansa yake fiƙe shi da reza. Baƙar tawadarsa shi yake haɗawa da gawayi da ƙaro. Ja da rawaya da kore kuwa yanzu na kwalba yake saya. Ba ruwansa da rula. Da'ira kuwa da murfin gwangwani yake fitar da ita, babba da ƙarama, sai ya raba cikinta gida huɗu, ya sake raba kowane gida biyu, ya shiga saƙa layi a kan layi, wannan ya bi ta ƙarƙashin wancan ya ɓullo ta sama, har ido ya kasa gano inda ya fara. Mun yi shekara guda a aji muna koyon yadda ake daidaita ɓangare da ɓangare a zane, da kayan awo a gabanmu. Malam da ido yake aunawa, kuma da na ɗora ma'aunina daga baya, da izininsa, ban sami inda ya karkace ba.

Da ya ajiye alƙalami na ce, "Allah gafarta Malam, wannan aiki muke so mutanen Yaba su gani."

Ya tambaye ni wane irin wuri ne, su wa za su zo, me kuma za a yi a wurin. Na gaya masa gaskiya duka, har da kalangu. Sai ya juya allon ya kife a cinyarsa. Ya ce, "Ɗan samari, kai ma ka yi karatun allo. Za ka rataye ayar Allah inda ake buga ganga? Wanda ba shi da alwala ya sa hannu, wani ya juya mata baya yana ɗaukar hoton kansa?" Ya ce wannan ba ado ba ne na ɗaki, shaidar yaro ce cewa ya kai ƙarshen Littafi.

Ban ja da shi ba, don gaskiya ya faɗa. A hanyar dawowa na yi ta tunani. Ni da idon mai zane nake kallon allon, shi kuwa da idon mai karatu, kuma allon nasa ne kafin ya zama nawa. Idan na yaudare shi na karɓa, na zama kamar masu ɗaukar hoton mai shayi ba su tambaye shi ba. Da zan tashi dai ya ce, "Bari azumi ya wuce, mu ga abin da Allah zai yi."

Laraba, 12 ga Maris

Sha biyu ga azumi. Tashe ya fara shekaranjiya, kamar yadda aka saba idan watan ya kwana goma. Ƙanwata ta kira mu Idi-Araba bayan tarawihi.

Yara ne kamar goma sha biyar. Ɗaya ya liƙa gemun auduga ya tanƙware da sanda yana tsoho, wani ya rataya ƙullin tsummoki da saiwoyi yana Jatau mai magani. Gangarsu jarkar mai ce. 'Yan mata suna can gefe sun kife ƙwarya a cikin bahon ruwa suna kiɗa. Abin da ya kama ni shi ne bakinsu. Waƙar ta Hausa ce yadda iyayensu suka koya musu, amma idan suka isa ƙofar Bayarabe sai roƙon ya juye Yarabanci, idan mai shago ya yi rowa a yi masa tsiya da turancin buroka. Waɗannan yara ba su taɓa ganin Kano ko Katsina ba, tashensu na Legas ne.

Abokina ya ajiye kyamara ya ce ai su ma suna da irin wannan. A da samarin Yarbawa Musulmi kan zaga unguwa da kiɗa kafin asuba suna tashin mutane sahur, ana ce wa kiɗan were ko ajisari, kuma daga cikinsa kiɗan fuji ya fito, a hannun su Sikiru Ayinde Barrister, nan Mushin da ke maƙwabtaka da mu. Mu ma kalmar tashe daga tashi ta samo asali. Shekarunmu nawa tare da shi, ba mu taɓa yin wannan hira ba.

Wata tsohuwa da ta ba yaran naira ɗari biyu ta ce mini a kan wannan layi aka yi faɗan Hausawa da Yarbawa na Fabrairun 2002, ta kwana uku ba ta san inda ɗanta yake ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, ta koma kallon mai gemun auduga.

Mun ɗauki bidiyo na minti ashirin. Gobe ƙanwata za ta bi gidajen iyayen ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ba a amince ba za mu cire shi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah lafiya ranar Lahadin da ta wuce. Ɗakin taron ya kuɓuce mana. An ba masu biki ranarmu, don sun biya fiye da mu. Sai da na yi sawu uku kafin a dawo mana da kuɗinmu. Mun koma neman wuri.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Baba ya zo Akoka.

Na je na ɗauko shi da kaina. Ya sa farar riga da hula, ya naɗe kalangun a zani kamar jariri. An yi ruwa da safe, iska ta yi nauyi, da ya gwada sai fatar ta yi wata irin murya kamar mai mura. Ya ce matsalar Legas ke nan, danshi ne ke kashe ganga, a gida rana ce ke gyara ta. Muka tsaya wurin wata mai gasa masara a bakin titi, ya roƙe ta da hannu, ya riƙa juya bakin kalangun a saman garwashinta daga nesa-nesa, yana ƙwanƙwasawa da yatsa, har muryar ta tashi.

Abokina ya shirya mana haɗuwa da wani ɗalibin sashen fasaha mai buga gangan, kalangun Yarbawa. Muka zauna a bakin ruwan jami'a, inda ake hango doguwar gadar nan ta uku da aka buɗe a 1990, motoci na tafiya a kanta kamar jerin tururuwa. Da farko kallon kayan juna kawai suke yi. Ƙira ɗaya ce: ice mai siririn ƙugu, fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su, a matse a hammata murya ta hau, a saki ta sauka. Baba ya karɓi ta yaron ya juya ta, ya ja tsarkiyar, ya gyaɗa kai.

Sai ya ce in tambayi yaron sunansa da na mahaifinsa. Aka faɗa masa sau biyu. Ya ɗaga gula ya buga sunan. Yaron ya zabura, ya ce saura kaɗan, ya buga da tasa ya nuna masa inda muryar take tsayawa a tsakiya. A nan na fahimci abin da na sha karantawa ban gane ba. Hausa karin sauti biyu take tafiya a kai, sama da ƙasa, sai mai faɗowa daga sama. Yarabanci kuwa uku ne, akwai na tsakiya. Hammatar Baba ta saba da hawa da sauka, sai da ya nemi wannan matsakaiciyar murya kamar mai lalube a duhu. A karo na huɗu ya same ta. Daga nan shi ma ya koya wa yaron taken mahauta, ya fassara masa ta bakina abin da gangar ke cewa.

Kafin mu ankara ɗalibai sun kewaye mu, sun kai talatin. Wani daga baya ya ɗaga murya cikin buroka yana mamakin ashe aboki ya iya kiɗa haka. Ba da mugunta ya faɗa ba, na ga fuskarsa. Ƙanwata ta juya ta gaya masa da Yarabanci cewa dattijon nan yana da suna, ta faɗi sunan, ta ce kakansa ma makaɗi ne. Yaron ya matso ya rusuna irin gaisuwarsu, ya maimaita sunan. Baba bai ji abin da aka ce ba, amma ya ji sunansa a bakin baƙo, sai ya amsa da kalangu.

A mota na tuna masa tambayar da ya yi mini a Fabrairu. Ya ce, "Zan zo. Amma ka nemo mini garwashi."

Asabar, 10 ga Mayu

Hula. Akwai wata Hajiya a Agege da ke raba aikin ɗinki ga matan aure a cikin gidaje. Wasu daga cikinsu mutanen Borno ne da rikici ya raba da garuruwansu, kuma ko a Maiduguri an san matan Bama da wannan sana'a. Ta fito mana da huluna sun fi ashirin, kube da zanna bukar da wasu da ban san sunansu ba sai da ta faɗa. A kan farin ƙyalle ake zana fasalin, sannan a bi shi da allura, huda bayan huda, kowane rami a zagaye shi da zare. Mai sauƙi mako biyu, mai cikakken aiki ta haura wata, ana yi tsakanin girki da raino. Daga nan a kai wa mai wanki ya sa mata sitaci ya ɗora a kan gungumen ice ta tsaya. Kuɗin da ke shiga hannun mai allura bai kama ƙafar abin da ake sayar da hular a shago ba.

Na faɗa wa Hajiya tsarinmu: suna a layin farko, da hoton mai aikin. Ta ce, "A'a, ɗan nan. Matan aure ne. Ba za a kafa sunansu da fuskarsu a bango maza suna karantawa ba."

Raina bai so ba. Abin da na fito yaƙa ke nan, aiki ba suna ba fuska, ga shi zan yi shi da hannuna. Na faɗa wa ƙanwata haka a hanya. Ta ce, "Yaya, mai shayin da aka zana ta baya ba a tambaye shi ba. Waɗannan tambayarsu za mu yi." Ita ta shiga cikin gidajen, tunda ni ba ni da hanya. Mata tara ta gani. Biyu sun ce a sa sunansu sak, mazansu sun yarda. Biyar sun zaɓi a kira su da sunan 'ya'yansu, maman wane, yadda aka san su a unguwa. Biyu sun ce sunan garinsu kawai ya isa, ɗaya ma ta nace a rubuta Bama. Hoto kuwa na hannu da allura za a ɗauka, ita ƙanwata za ta ɗauka, abokina ya ba ta aron kyamara ya nuna mata yadda ake saita haske.

Mun kuma yanke cewa duk hular da aka saya a ranar, kuɗin gaba ɗaya na mai ɗinkin ne. Hajiya ta yafe nata kason na wannan rana.

Asabar, 24 ga Mayu

Damina ta kankama. Jakunkunan fata uku da wani baduku na Obalende ya ba mu aro sun fara funfuna, na kwashe su daga ɗakina na kai maɗaba'a inda zafin inji yake.

Mako guda ina fama da takardun bayani. Harshe uku za a yi, Hausa a sama, sai Yarabanci, sai Turanci. Yawancin haruffan da ke kwamfutarmu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, da an buga sai ɗan akwati ya fito a gurbinsu. Wani abokin aiki ya ce in sa k da d kawai, wa zai lura. Na ce ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne. Ashe su ma Yarbawa haka suke fama da ɗigon da suke sawa a ƙarƙashin haruffansu. Daga ƙarshe na samo samfurin da ya ɗauki duka biyun, na buga gwaji ya fita tsaf.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi babbar sallah ranar Juma'a 6 ga wata, mako biyu ba a ga ƙeyar Baba ba, igiya ta yi kasuwa.

Dambe mun cire shi. Na so a ce 'yan Kudu da Arewa da Guramada sun yi ko da turmi ɗaya, don dambe da kalangu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma ba mu da fili, ba mu da mai duba wanda ya ji rauni. Hotunan da abokina ya ɗauka a filin damben Lahadi za su tsaya a madadinsa.

Jiya Malam ya aiko almajiri ya kira ni. Na tarar da alluna uku a jingine, an lulluɓe su da rawani. Ya yaye. Zayyana ce cikakkiya, ta fi duk wadda na gani a wurinsa, ja da kore da rawaya sun sarƙe tun daga wuyan allon har gindinsa. Tsakiyar kuwa, inda ayoyi kan zauna, fari fat ya bar ta.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko a rubuta wani karin magana da ajami a gurbin?" Ya ce a'a, a bar shi haka. "Wanda ya sani ya san abin da ke zama a nan. Wanda bai sani ba zai tambaya, sai ka gaya masa." Ya ce zai zo da kansa da safe da alƙalumansa ya yi aiki a gaban mutane, duk mai so ya zauna ya gani, amma kafin a taɓa ganga zai tafi. Na ce an gama. Na tambaye shi ladan aikin, ya ce in sayo wa yara tabarmi biyu.

Asabar, 28 ga Yuni

Mun sami wuri. Maigidana a maɗaba'a ya haɗa mu da wani ɗan'uwansa mai tsohon ɗakin ajiyar takarda a Sabo, nan cikin Yaba, ba nisa da titin McEwen inda marigayiya Bisi Silva ta buɗe cibiyar fasaharta a 2007. Kyauta ya ba mu, sharaɗinsa mu share mu yi fenti. Kawu da ya ji sunan unguwar ya ce ai a Ibadan da Shagamu ma Sabo ake ce wa unguwar Hausawa, mun koma gida ke nan.

Rana: Asabar, 26 ga Yuli, in Allah ya kai mu. Malam daga ƙarfe goma zuwa azahar. Bidiyon tashe zai riƙa juyawa a ɗan ɗakin ciki, yara goma sha ɗaya iyayensu suka amince. Baba da ɗalibin gangan bayan la'asar, sun riga sun yi atisaye sau biyu ba tare da ni ba, ban san da wane harshe suke magana ba.

Abin da ya rage: rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, mai gyara zai zo Talata. Ba mu da janareta tukuna. Kujeru hamsin muke nema, an yi mana alkawarin ashirin. Mota ɗaya daga Agege don dattawa, ɗaya daga Mile 12. Kaskon garwashi na Baba, mai gasa masarar nan ta ce za ta zo da nata ta yi ciniki a ƙofa. Kuɗin da ke hannu naira dubu 112.

Takardun bayani goma sha bakwai sun shirya, saura ɗaya. Gobe bayan azahar zan je Oko-Oba in tambayi Baba yadda yake so a rubuta sunansa, da na mahaifinsa ne ko da na garinsu, ko kuwa duka biyun.